Wa ke haushi a unguwarmu?

Ran Laraba da ta wuce, bayan la'asar, dattawa uku suka yi sallama ƙofar gidan da nike zaune a Maraɗi. Ba su shigo ba. Aka shimfiɗa musu tabarma waje, Gwaggo ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, ni ko na kawo ruwa na koma gefe. Bayan gaisuwa mai tsawo, babbansu ya ce saƙon unguwa ne aka aiko su da shi: an ba Gwaggo kwana bakwai ta raba gidanta da karnuka da mussoshi. In kwanakin sun cika ba ta yi ba, abin da yara suka yi, su ba ruwansu. Gwaggo ta ce, "To Malam, na ji. Allah shi ba mu alheri." Iyakar maganarta ke nan. Ni kuma da yake yaro ba ya tanka ma manya bainar jama'a, na haɗiye tawa. Ita ce zan amayar bisa takardun ga, tun da ku da za ku karanta su sa'o'ina ne, kuma "yaran" da aka ce za su yi aikin, cikinmu suke.

Ba zan faɗi sunan unguwar ba. Masu ita sun san kansu.

Bari in fara da ƙirga, kada wani shi ce na yi ɓoyo. Yanzu haka gidanmu akwai mussa tara da karnuka huɗu. Sati biyu baya mussoshin goma sha ɗaya ne, karnukan biyar, kuma zan zo ga yadda aka yi suka ragu. Mutane mu biyu ne, ni da Gwaggo, ƙanwar babana. Mijinta ya rasu, ɗiyan da ta haifa guda biyu ƙasa ta rufe su tun suna ƙanana. Tuwo da miya take saidawa kusa da tasha. Na sauka wurinta daga ƙauyenmu na yankin Tasawa shekara uku ke nan, bayan na samu bak, don kun san burs ba ta kama ɗaki cikin gari.

Duk wanda ya ce muku zama da dabbobi goma sha uku daɗi gare shi, bai kwana gidanmu ba. Wari akwai shi, balle da damina. Kullum da asuba kafin in tafi amfi sai na kwashe kashi na kai rami, na zuba toka bisa. Akwai ƙuma. Akwai kaska, wadda nike zama ran Lahadi ina cire ma karnuka ga kunne ɗaya bayan ɗaya ina jefawa cikin gwangwanin kananzir. Lokacin zafi, watan huɗu da na biyar, in famfo ya ɗauke, bidon da na sayo don wanka sai an raba shi da masu lallagen harshe. Akwai wani muzuru mai ido ɗaya da ya taɓa yi mini fitsari bisa fotokopin darasin wata uku, saura kwana biyu jarrabawa. Na shanya su bisa igiya kamar wanki, na yi bita ina toshe hanci. Abokaina sun daina zuwa shan shayi wurina. A fadarmu sunana ya koma "Sarkin Karnai", kuma wata yarinya da nike so ta taɓa tambayata cikin ƙawayenta ko in an ɗaura mana aure da wa za ta yi kishi, da karya ko da mussa. Suka bushe da dariya, ni ma na yi, amma ban sake komawa ba.

Kuma in gaya muku abin da ya fi wannan. Shekarata ta farko, wata mussa ta haihu ƙarƙashin gadona, ɗiya biyar. Da Gwaggo ta tafi tasha na zuba su cikin buhun siminti na ɗauka na kai bayan wani kango, na aje, na dawo ina jin na yi dabara. Uwar ta kwana tana zagaya gida tana kuka, nono na zuba. Gwaggo ba ta ce mini komi ba sai da safe, tana kwaɓa miya ba ta ko dube ni ba: "Ɗana, inda ka kai su, ka tafi ka ɗauko." Na tarar da uku da rai, tururuwa ta gama da biyu. Saboda haka in na zargi ƴan unguwa da zubar da ɗiyan mussa, na san nauyin buhun, na san yadda yake motsi ga kafaɗa.

To daga ina dabbobin ga suka fito? Nan ne maganar take, kuma nan ne dattawa suka tsallake. Gwaggo ba ta taɓa sayen kare ba, ba ta taɓa roƙon ɗan mussa wurin kowa ba. Karyar da muke kira Ba-ruwanka, wani mai butiki ne ya kawo ta tana kwikwiya don gadi, da ya tashi daga unguwa ya kulle shago ya bar ta ɗaure ga ƙarfe, kwana uku ba ruwa. Duna, yara ne suka ɗaura mishi igiyar roba ga wuya suna ja suna jifa, robar ta shige cikin nama, har yau wurin ba gashi. Mussoshin kuwa rabinsu ta bisa katanga suka shigo, cikin kwali ko cikin leda, da dare. Wato wanda mussarshi ta haihu, ba ya son ɗiyan, ba ya kuma son alhakin kashe su, sai shi wurgo ma tsohuwa. Ya wanke hannunshi, ya kwanta da zuciya fara. Gobe kuma shi ne zai zauna majalisa shi ce gidan wance ya ishe mu da wari. Na san gidaje uku da suka yi haka, ɗaya na ga mai wurgowar da idona, kuma yana cikin masu cewa a ba da kwana bakwai.

Ku yi lissafi, ku da kuka yi seri D. Mussa cikinta sati tara ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku cikin shekara, ɗiya huɗu ko biyar kowane karo, ɗiyar kuma kafin ta cika shekara ita ma ta fara. Karya cikinta wajen kwana 63. Ba wanda ke kai nashi a yi mishi fiɗiya. Sannan ku dubi abin da muka tanadar musu: jibji kowace kusurwa, ragowar tuwo cikin kwata, hanjin kaji bayan masu gashi, mushen akuya a bakin hanya har shi ruɓe. Da can angulu ke kwashe wannan. Yaushe rabonku da ganin angulu ta cika mahauta? An kashe su don saida kai da ƙafafu ga masu magani, wasu guba ta ci, har a 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Abincin da angulu ta bari bai ɓace ba, kare ya gaje shi. Mu muka shimfiɗa tabarma, muka zuba abinci, sannan muna mamakin baƙi.

Yanzu ga abin da ya jawo kwana bakwai. Sati uku da suka wuce wani kare ya ciji yaro ɗan shekara takwas ga ƙwauri, kusa da jibjin bayan makaranta. Karen ja ne, baƙo, ba wanda ya san shi. Namu suna cikin gida, ƙofar garka kulle, ni na kulle ta da hannuna. Samari suka bi jan karen da duwatsu da sanduna suka kashe shi, suka ja shi suka jefa rami. Kowa ya yi ta yi musu barka. Yaron kuwa aka kai shi gida aka ɗaure ciwon da tsumma, wata tsohuwa ta ce a koma a tsigo gashin karen a ƙona a shafa.

Wa ya shiga gidan ya ce a kwance tsumman? Gwaggo. Ta sa aka kawo sabulu da bokiti, ta zauna tana wanke ciwon tana ƙara ruwa, yaro na ihu, uwar na cewa ya isa, ita tana cewa bai isa ba. Ta san haka ne don likitan dabbobin da ke yi ma karnukanmu allura ya sha gaya mata: cizon kare, abu na farko a wanke da ruwa da sabulu minti 15 cur, sannan a ruga likita ran nan, ba gobe ba. Ni na ɗauki yaron da babanshi bisa kabu-kabu biyu. Kuɗin allurar farko da suka kasa, cikin kuɗin cefanen Gwaggo aka cika. Yaron yana nan lafiya, ya gama allurarshi, jiya ma na gan shi yana buga ƙwallo.

Ina so ku fahimci abin da ya sa ta tsaya kai da fata, don mu ɗalibai ma da yawa ba mu san haukar kare ba sai suna. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi wata biyu zuwa uku take yi kafin ta nuna, wani lokaci sati guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ƙafa ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro shi fara zazzaɓi, shi ga ruwa shi firgita, maƙogwaro shi shaƙe. In an kai nan, kusan ba mai tashi, ko a Maraɗi ko a Paris. Sai a ce iskoki ne, ko a ce an kama mishi kurwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta hanyar kare. Alhali maganin rigakafin ya girmi kakanninmu: tun 1885 Louis Pasteur ya yi ma wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar, ya rayu. Don haka tsoron ƴan unguwa ba na banza ba ne, ni ma ina jin shi. Abin da suka yi da tsoron ne nike faɗa da shi.

Ko kashe jan karen nan da aka yi ta murna, wauta ce. In kare ya ciji mutum, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya ƙara shan cizo ba, tsare shi ake yi kwana 10 ana kallo. In ya wuce kwanakin nan garau, an san ba ya ɗauke da cutar lokacin da ya yi cizon. In ya mutu ko an kashe shi, kai ake ɗauka a kai awo. Samarinmu sun rufe shaida cikin rami, ba wanda zai taɓa sanin ko karen na da hauka, ko ya ciji wasu karnukan kafin shi iso jibji.

Kwana shida bayan cizon, da dare, aka wurgo tsoka uku ta bisa katangarmu. Wajen ƙarfe uku na ji wani irin gurnani da ban taɓa ji ba. Na haska tocila na ga Sun-gani, tsohon karenmu, ya sanƙare, baya ya lanƙwashe, ƙafafu miƙe kamar itace, yana sassautawa yana sake sanƙarewa. Idonshi biyu, yana kallona. Ya fi rabin awa haka. Mussa biyu da suka lasa muka tarar da su bayan randa da safe. Sun-gani yana da karne na allura, da tambari da kwanan wata, shekara uku jere, ni ke kai shi cikin amalanke. Wanda ya wurgo naman nan, cikin duk karnukan unguwa ya zaɓi wanda aka tabbata ba ya iya ba ɗanshi hauka, shi ya kashe. Tsoka ta uku kuma ba cikin gidanmu ta faɗa ba, ta dawo cikin lungu, inda ƴan yara ke rarrafe da hantsi. Kajin maƙwabta huɗu suka riga su.

Kashe-kashen ga an gwada shi wurare da suka fi mu ƙarfi da kuɗi. A 1910 hukumar Istambul, can Turkiyya, ta kwashe karnukan birni dubun dubata ta zuba su wani tsibiri na dutse, ba ruwa ba abinci, suka mutu can suna cin juna. Yau ku nemi hoton titunan Istambul ku gani ko ba karnuka. Dalili ba wuya: muddin jibji na nan, in ka kashe goma, goma na zuwa daga wata unguwa ko daga ƙauye su ci abincin, waɗanda suka saura kuma su haihu da ƙoshi. Ka kawar da waɗanda ka sani ka buɗe ƙofa ga waɗanda ba ka sani ba. Ba-ruwanka da Duna, duk dare da suke haushi ƙofar garka, baƙin karnuka suke kora. Jan karen nan ma ba lungunmu ya yi cizo ba.

Abin da ke aiki kuwa ba sai mun tafi Turai mu gano shi ba. Injamena ce, nan Cadi, gari mai zafi da ƙura da talauci irin namu. A 2012 da 2013 aka yi gangamin yi ma karnukan birnin allura kyauta, unguwa-unguwa, sama da kare 18,000 a shekarar farko kaɗai, aka kai kusan kashi 70 cikin 100. Haukar kare ta ɗauke cikin birnin wata da watanni. Da ta dawo, daga waje ta shigo, ta wurin karnukan da ba a yi ma ba. Wannan kashi 70 ɗin shi ne ma'aunin da masana suka tsayar: in karnuka bakwai cikin goma na da rigakafi, cutar ba ta samun gadar da za ta taka daga wannan zuwa wancan. To a unguwarmu, iyakar sanina, gida ɗaya ne karnukanshi duka ke da karne. Shi ne aka ba kwana bakwai.

Na san abin da wani zai ce, don an sha ce mini a fada: "Mutane na kwana da yunwa, almajirai na yawo da roba, ku kuna ciyar da karnai." Maganar na da nauyi, ƙasar ga ta san yunwa, ba sai an tuna muna 2005 ba. Amma ku zo ku ga abin da suke ci. Ƙanzon tukunya ne, da ruwan wankin kwano, da ragowar da masu cin tuwo suka yamutsa suka bari, da ƙashi da huhu na dala ashirin daga wurin mahauta. Tuwon kirki da ya kwana, almajirai ne ke ɗauka da safe, su shida, kullum, kuma sun san ƙofar da ba a korarsu. Ban taɓa ganin mai wannan magana ya rage kuɗin shayi da sukari da kiredin waya ya ba almajiri ba. Ba a tuna yunwar almajiri sai ran da aka ga kare na lasar kwano. Wanda bai ba kare ba bai ba mutum ba, shi ne ke yi ma wadda ta ba duka biyun wa'azi.

Sai maganar addini, wadda ita ce sandar da aka fi ɗauka. Ni ɗalibin lakwal ne, amma na yi zaure kamar kowa, kuma na koma na tambayi malamin da ya karantar da ni. Mu nan Malikawa ne. A mazhabar Imamu Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, har miyaunshi, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha ciki kuwa bin umurni ne, ba don najasa ba. Akwai hadisan da suka hana aje kare haka kawai, suka ce lada na raguwa, sai na farauta da na kiwo da na gona, wannan gaskiya ne kuma ba zan ɓoye shi ba. Shi ya sa karnukanmu ba su shiga ɗaki, garka suke, gadi suke yi ma tsohuwar da ke kwana da kuɗin ciniki. Malaman da suka yi sharhin Risala suna ba da labarin mai littafin kanshi, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa da katangar gidanshi ta faɗi lokacin tsoro, kare ya aje. Cikin Buhari da Muslim akwai matar da ta shiga wuta saboda mussa da ta kulle ba ci ba sha, akwai kuma wadda aka gafarta ma manyan zunubai saboda ta ɗebo ruwa da takalminta ta shayar da kare. Abu Huraira da muke jin sunanshi kowace Juma'a, ɗiyar mussa ce ta ba shi laƙabin. Duk wannan yara ƙanana ma sun ji shi. To a wane babi aka karanta halaccin cusa guba cikin nama, a bar dabba tana sanƙarewa rabin awa? Ko akuyar layya an ce a wasa wuƙa kada ta wahala.

Amma mu bar kewaye-kewaye. Akwai kalmar da dattawa ba su furta ba bisa tabarma, wadda mata ke faɗa wurin famfo, yara kuma suna rerawa in Gwaggo ta wuce. Mayya. Tsohuwa, ba miji, ba ɗa, ga mussoshi har da baƙa, me ya rage? Har an fara cewa ɗiyanta biyu ita ta ci su. Ƙyanda ce ta kashe su, shekara guda, kafin a haife ni, babana ne ya gina kabarin ƙaramin. Matar da ta rasa ɗiya ta ga abu ƙarami na kuka cikin kwali ta kasa wucewa, wannan shi ne duk sirrin, kuma ba ya bukatar boka shi fassara. Da Alhaji ne mai bene ya aje karnuka huɗu na Turai bayan gareji, da mai ba su abinci da albashi, wallahi ba mai shimfiɗa mishi tabarmar kwana bakwai. Sai dai a ce Alhaji akwai tsaro. Akwai irinsu garin ga, kun san su, kuma haushin nasu ya fi na namu ƙarfi don sun fi ƙoshi.

Abin dariya ma, karen da muke jifa, wasu ado suke yi da shi. Dogon karen nan siriri na Azawak, arewacin Tawa, wanda Buzaye da Fulani ke kiwo tare da dabbobinsu, tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Yau sunan kwarinmu yake ɗauke da shi can, da takardun asali, ana gasar kyau da shi. Duna in ka dube shi da kyau, ƙirar nan ce, dogayen ƙafafu da cikin da ya ɗame. Bambancinshi da na Faransa, tabon roba ga wuya.

Kada ku ɗauka ina cewa Gwaggo ba ta da laifi ko kaɗan. Goma sha uku sun yi yawa ga gida mai ɗaki biyu. Na sha gaya mata. Maƙwabcin da katangarshi ke haɗe da tamu, wanda matarshi ke da ciki kuma wari ke tada mata zuciya, yana da hakki, kuma shi bai taɓa wurgo komi ba, zuwa ya yi ya yi magana ido da ido. Don shi na ƙara zurfin rami na matsar da shi can ƙurya. Muzurai uku an yi musu fiɗiya bara, saura biyu, kuɗi ne suka tsaya. Gwaggo ba ta iya cewa a'a, wannan rauninta ne, kuma unguwa ta gano raunin tana ta ɗora mata kaya. In an kwashe dabbobin ga gobe, ran da mussar wani ta sake haihuwa, ta bisa katangar wa za a wurga?

Ga abin da nike nema wurinku, kuma ba kuɗi ba ne da farko. Ku da ke zama fada har ƙarfe biyu na dare, ku ne za a ce ma "ku je ku yi". Kada ku je. In wani babba ya miƙo muku leda da nama, ku tambaye shi ɗan wa zai rarrafa lungun gobe. Ku da ke karatun kiwo da aikin gona, da ku ƴan lakwal ɗin lafiya, kun fi ni sanin duk abin da na rubuta nan, to me ya hana ku faɗa a gidajenku? Minti 15 da sabulu, wannan kaɗai in kowace uwa ta san shi, an rage makoki. Ran 28 ga Satumba kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukar kare ta duniya, ranar da Pasteur ya rasu. Muna shirya ranar al'adu da gasar ƙwallo da daren waƙa, ba mu taɓa tunanin mu bi gida-gida mu ƙirga karnukan unguwa ɗaya, mu je wurin likitocin dabbobi mu ce ga adadi, ku sa muna rana ba. Wanda gidansu ɓeraye suka addabi buhunan hatsi, ga mussa nan tara, duk sun iya aiki, har mai ido ɗayan. Shi zo shi ɗauka da rana, ta ƙofa.

Na koma wurin babban dattijon nan shekaranjiya, ni kaɗai, bayan isha'i. Na durƙusa na aje karne huɗu gabanshi, na ce, "Baba, ga takardun karnukanmu. Ina roƙo a tambayi sauran masu karnuka su kawo nasu, sannan a yanke hukunci gaba ɗaya." Ya sa tabarau ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe bisa tambarin. Ya ce shi bai san ana yi ma kare allura ba. Ya ce zai yi magana da sauran, amma bai yi mini alkawali ba, kuma bai janye kwanakin ba.

Lokacin da za a gama buga takardun ga a maƙala su, saura kwana biyu ko ɗaya. Gwaggo ta ce ba inda za ta kai su, don ba inda ta ɗauko su. Ni na fitar da katifata tsakar gida, ina kwana gindin katanga da tocila, duk abin da ya faɗo in riga su ɗauka. Mutum biyu daga fadarmu sun ce za su zo su taya ni ran Talata da dare, ɗaya daga cikinsu shi ne ya raɗa mini Sarkin Karnai. Ya ce in tanadi sukari, shi zai zo da shayi.